Malamin da Ya Fasa Katangar Ubansa

A cikin 'ya'yan Sarki su ashirin, babu wanda ya kai Magnus karatu. Ja ne jawur, fatarsa ja, gashinsa ja, ƙato ne ko a tsakanin ƙattai, kuma ido ɗaya gare shi. Yadda aka yi ɗayan ya tafi, za mu zo wurin. 'Yan'uwansa kowa da inda ya fi ƙarfi: wani gwanin gina ganuwa, wani gwanin rushe ta, wani gwanin tsara mulki, wani kuwa ranar da ba a fita yaƙi ba rasa abin yi yake. Shi Magnus, bayan ƙarfin damtse, an ba shi baiwar da ake cin yaƙi da ita ba a zare takobi ba. Yana karanta abin da ke cikin zuciyar mutum, yana hango abin da bai auku ba tukuna, yana barin gangar jikinsa a zaune ya yi tafiyar da jirgi zai yi wata da watanni bai kai ba. In aka ɗauke mahaifinsa, babu ɗan Adam da ya kama ƙafarsa a wannan fage. Ya san haka, kuma ba ya son a manta.

Kada kowa ya wahalar da kansa neman sunan nan a littafin tarihi. Ƙagaggen labari ne daga Ingila. Kamfanin Games Workshop, wanda hedikwatarsa ke Nottingham, shi ya fito da wasan Warhammer 40,000 a shekarar 1987. Wasa ne da ake jera 'yan ƙananan sojoji a kan tebur, kowa ya yi wa nasa fenti da hannunsa, a auna tazara da ma'auni, a jefa ƙwayoyi irin na ludo a ga wanda harbinsa ya samu. A bayan wasan an gina tarihi mai faɗin gaske. Jerin littattafai ɗaya kaɗai, wanda aka fara a 2006 kan yaƙin basasar da ya raba gidan Sarki biyu, ya haura hamsin. Labarin Magnus yana cikin A Thousand Sons na Graham McNeill, wanda ya fito a 2010, sannan Dan Abnett ya sake ba da shi ta bakin abokan gaba a Prospero Burns. Har yau masu wasan suna da wata magana da suke yawan jefa wa juna, rabi raha rabi da gaske, wai Magnus bai yi laifin komai ba. To ga labarin nan. Ni isar da shi kawai nake yi, ban ce da kowa nake ba.

Wajen shekara ta 30,000, wani mutum da ba a ambaton sunansa sai dai a ce Sarki ya haɗa kan mutanen wannan duniya tamu, wadda suke kira Terra, ya ɗaura niyyar tattaro duk zuriyar Adam da ta watsu cikin taurari ƙarƙashin tuta ɗaya. Don wannan aiki ya samar da 'ya'ya ashirin daga jininsa, kowanne da rundunar da zai ja. Amma a bayan labulen duniyar zahiri akwai wata duniya da ake kira Warp, Magnus da mutanensa kuma suna ce mata Babban Teku. Ta cikinta jirage ke ratsawa su yanke nisan taurari, daga cikinta kuma duk mai baiwa yake ɗibar ƙarfinsa. Matsalar ita ce tekun yana da mazauna, kuma manyansu shaiɗanu ne guda huɗu. Su suka fizge yaran tun suna jarirai, suka watsa su, kowa ya faɗa wata duniya daban. Magnus ya faɗa Prospero, inda masu baiwa da aka tsangwama a wasu wurare suka taru suka gina birni ɗaya tak, Tizca, mai dalar gilashi da farin dutse da ɗakunan karatu ba iyaka. Wani malami mai suna Amon ya rene shi. Ba a daɗe ba ɗalibi ya wuce malaminsa, daga nan kuma bai sake samun wanda zai ce masa bari ya bari ba.

Da Sarki ya gano inda ɗansa yake, ya miƙa masa runduna ta 15, ya kuma ja masa kunne a kan zurfafa nutso a Babban Teku. Rundunar kuwa a lokacin tana cikin masifa. Wata cuta ta rikiɗar jiki ta kama su. Soja na tsaye lafiya lau sai namansa ya fara tafasa, ƙashi ya lanƙwashe, gaɓoɓi su tsiro inda ba wurinsu ba, har sai abokansa sun rufe ido sun harbe shi. Sun ragu har sun koma kamar dubu ɗaya, kuma an fara maganar a shafe su kowa ya huta. Magnus ya roƙi a ba shi lokaci. Ya nutsa cikin tekun, can inda aka ce kada ya je, ya dawo da magani, ya dawo babu idonsa na dama. Cuta ta lafa, mayaƙan rundunar da ake kira 'Ya'ya Dubu suka miƙe, suka yi yawa, suka ɗauki ubansu tamkar ba ya kuskure.

Bai gaya wa kowa da wa ya yi cinikin ba. Shi kansa bai tsaya ya tantance ba, domin a ganinsa babu wani abu a tekun nan da ya fi shi wayo. Wanda ya sayar masa da maganin kuwa Tzeentch ne, ɗaya daga cikin huɗun nan, wanda sana'arsa ƙulle-ƙulle da juya al'amura. Magnus ya ɗauka idon nan shi ne kuɗin aiki gaba ɗaya, ashe kafin alƙalami ne.

A yi masa adalci. A zamanin da 'yan'uwansa ke shiga gari su ƙone duk abin da ba su gane ba, 'Ya'ya Dubu su ne masu shiga su kwashe littattafai, su kwafe rubutun jikin bango, su zauna da tsofaffin gari su tambaye su abin da suka gada. Sun kasa baiwarsu gida biyar: masu hangen gaba, masu sarrafa wuta, masu sarrafa jiki da warkarwa, masu karanta zuci, da masu ɗaga abu ba tare da sun taɓa shi ba. Inda wata runduna za ta zubar da dubban mutane kafin ta ci gari, su da kaɗan suke gamawa. Manyansu kuma kowa na da hadiminsa daga cikin tekun, wani ɗan haske da ke shawagi a kafaɗarsa, yana ƙara masa ƙarfi, yana yi masa aike. Sun ce halittu ne marasa cutarwa da suka hore da ilimi. Babu wanda ya tambayi abin da hadiman ke ci, ko dalilin da ya sa suke hidima ba lada. Babban almajirin Magnus, Ahzek Ahriman, shugaban masu hangen gaba, wanda yake ganin abin da zai faru gobe a wata duniya, bai ga abin da ke zaune a kafaɗarsa ba.

Surutu ya yi yawa a kansu, har Sarki ya kira taro a wata duniya mai aman wuta da ake kira Nikaea. Magnus ya shirya kamar mai zuwa muƙabalar malamai, ya isa ya tarar shari'a ce kuma shi ne wanda ake ƙara. Mortarion, ɗan'uwansa mai runduna ta 14, ya tashi ya yi suka. Shi yana da hujjarsa, don a hannun azzaluman matsafa ya girma, ya ga abin da suke yi wa talakawa. Wanda ya fi ciwo shi ne Ohthere Wyrdmake, bokan rundunar Kyarketai ta wani ɗan Sarki, Leman Russ, wanda ya yi abota da Ahriman, ya zauna da shi ya ji sirrinsa, sannan ya zo gaban jama'a ya zazzage. Abin dariya, su bokayen Kyarketai suna kiran guguwa da tsawa a fagen fama, amma sun ce nasu ba tsafi ba ne, ƙarfin ƙasarsu Fenris ne. Daga rijiya ɗaya kowa ke ɗiba, sai dai wani ya iya sa wa gugarsa suna mai kyau.

Magnus ya yi magana, kuma ya iya magana. Ya kawo misalin mutanen da ke zaune cikin kogo suna kallon inuwa suna zaton ita ce duniya, misalin da aka sani tun zamanin Aflatun, ya sa kansa a matsayin wanda ya fita ya ga rana ya dawo yana kira. Mutane da yawa a zauren sun karkata gare shi. Sarki ya tashi ya yanke hukunci: daga yau kada wani soja ya sake amfani da baiwa, a rufe makarantunta a dukkan rundunoni. Aka bar masu ja wa jirage gora a teku da makafin masu aika saƙo, don in babu su daular ba za ta motsa ba. Ya dubi ɗansa ya gargaɗe shi a gaban kowa. Bai yi bayani ba.

Nan uban ma yana da nasa kason, kuma ba ƙarami ba ne. Ya san su wane ne a cikin tekun, amma ya ɓoye wa 'ya'yansa, ya bar su suna ɗauka igiyar ruwa ce kawai da 'yan namun daji. Ya bar fagen yaƙi ya naɗa Horus, ɗan da ya fi so, babban kwamandan dukkan rundunoni, ya koma Terra ya shige ƙarƙashin fadarsa yana wani aiki da bai gaya wa ko ɗaya daga cikinsu ba. Mai gida da ke hana abu ba ya faɗin dalili, ga shi da ɗa mai son sanin dalilin komai, ya riga ya shuka rabin abin da zai girba. Wannan duk gaskiya ne, kuma masu kare Magnus a nan suke kafa tutarsu. Sai dai shirun uba bai zama izini ga ɗa ba. Magnus ya sunkuyar da kai a Nikaea, ya koma Tizca, ya rufe ƙofa, ya ci gaba daga shafin da ya tsaya.

A can cikin nutsonsa ne ya hango abin da babu wanda ya sani. An sari Horus da wata la'ananniyar wuƙa a watan duniyar Davin, an kai shi gidan matsafa neman magani, kuma a can shaiɗanun huɗu suna zawarcinsa. Magnus ya kutsa cikin mafarkin ɗan'uwansa ya yi ta jan hankalinsa, Horus bai saurara ba. Magnus ya farka yana riƙe da labari mafi girma a zamaninsa: babban kwamanda ya ci amana, yaƙin basasa na tafe, uba bai sani ba.

A nan nake so mai karatu ya rage sauri. Labarin da Magnus ya ɗauko gaskiya ne, babu ƙari babu ragi. Kuma akwai hanyoyin kai shi. Ga makafin masu aika saƙo da doka ta yarda da su. Ga jirage a tashar Prospero, zai iya hawa ɗaya ya je da ƙafarsa ya durƙusa gaban mahaifinsa ya faɗa. Ya ce wa almajiransa waɗannan hanyoyi suna da jinkiri, saƙo na iya ɓata ko ya faɗa hannun maƙiyi, lokaci kuma ba ya jira. Hujjoji ne masu kyau, irin waɗanda malami ba ya rasawa. Amma a ƙarƙashinsu akwai wata da ta fi su nauyi. Idan aka ce abin nan da aka haramta a Nikaea shi ne ya ceci daula, to wa ya yi gaskiya? Mortarion zai sunkuyar da kai, Russ zai haɗiye maganarsa, Sarki da kansa zai janye hukunci a gaban jama'ar da ya kunyata ɗansa a gabansu. Saƙon yana da adireshi biyu. A bayan ambulan an rubuta ceton uba, a ciki kuma wanke sunan ɗa ne. Da ceton ne kaɗai ke gabansa, da bai damu da ko ta bakin wa labarin ya isa ba.

Aka shirya babban tsafi a Tizca. Bayi da masu hidima da yawa suka mutu a wurin don a tara ƙarfin da zai cilla ruhinsa har Terra. Ba a tambaye su ba, kuma a labarin ma da wuya a ji sunan ɗayansu. Ya ratsa tekun har ya ci karo da wata katanga da bai taɓa ganin irinta ba. Ya gwada, ta ƙi. Mai hankali, in ya tarar da katanga a hanyar gidan ubansa, yakan ce ai da dalili aka gina ta. Shi ya ga cikas ne kawai tsakaninsa da ranar da za a ce ya yi daidai. Sai wata murya daga cikin tekun ta yi masa tayin ƙarin ƙarfi, kyauta. Ya karɓa. Ya fasa.

Abin da ke bayan katangar shi ne aikin da Sarki ya ɓuya yana yi. Akwai wasu tsofaffin hanyoyi na ɓoye da wata al'umma da ake kira Eldar ke bi tsakanin taurari ba tare da sun tsoma ƙafa a Babban Teku ba. Sarki yana haƙa tasa hanyar daga ƙarƙashin fada don ya haɗe da su, ya raba ɗan Adam da tekun da mazaunansa har abada. Injin da ke riƙe da ƙofar hanyar shi ne Karagar Zinariya. A daidai lokacin da Magnus ya faɗo cikin ɗakin, wuta na tashi, ma'aikata na mutuwa, tsare-tsaren shekaru na narkewa, sai ya gane abin da aka gina karagar dominsa. Shi aka yi wa tanadinta. Shi ne ɗan da aka so ya zauna a kai ya riƙe wa jama'a ƙofa. Girman da ya fasa katanga yana nema, an daɗe da ajiye masa shi a ɗakin da ya rushe.

Saƙon kuma bai shiga ba. Wa zai tsaya sauraron mai cewa wane ɓarawo ne, alhali shi mai faɗin ta rufin ɗaki ya faɗo, aljanu na biye da shi? Ta ɓarakar da ya yi shaiɗanu suka kwararo, dogaran Sarki suka yi shekara da shekaru suna yaƙi a ƙarƙashin fada ba wanda ya sani a waje, Sarki kuma ya zauna a kan karagar yana toshe ramin da ƙarfin zuciyarsa, a daidai lokacin da daula ta fi bukatar ya miƙe. Horus bai taɓa samun mai taimako irin wanda ya zo tona masa asiri ba.

Aka aiki Leman Russ ya je ya zo da ɗan'uwansa Terra a yi masa shari'a. Umarnin ke nan. A hanya Horus, wanda har lokacin kowa ke ɗauka amintacce ne, ya sa baki ya juya maganar ta koma a shafe Prospero. Russ bai sha wahalar yarda ba, don abin da aka gaya masa ya yi daidai da abin da zuciyarsa ta daɗe tana so, bai kuma koma ya tambayi wanda ya aike shi ba. Ya dai yi ƙoƙari sau ɗaya ya kira Magnus ya miƙa wuya, ta bakin wani mutum mai suna Kasper Hawser da yake zaton ɗan leƙen asirin Magnus ne. Zaton kuskure ne, kiran bai isa ko'ina ba. Jirage suka ci gaba, ɗauke da Kyarketai, da dogaran Sarki, da wasu mata mayaƙa da ba sa magana, waɗanda kusantarsu kaɗai ke kashe baiwar mai baiwa.

Magnus ya koma gida ya san abin da ya yi. Ya gane an yi wasa da shi tun ranar ido, ya kuma gane abin da ake so shi ne rundunarsa da ta Russ su cinye juna. Sai ya yanke shawarar ba zai yi yaƙi ba, zai karɓi hukunci. In ka ji haka sai ka ce madalla, ga tuba. Amma dubi yadda aka yi tuban. Ya shige dalarsa ya kulle. Ya kori jiragen yaƙin Prospero zuwa nesa. Ya lulluɓe duniyar da wani labule don kada masu hangen gaba cikin 'ya'yansa su ga abin da ke tafe. Wani hafsansa mai karanta zuci, Uthizzar, ya leƙa zuciyar ubansa ya ga gaskiya, Magnus ya kashe shi nan take don kada ya faɗa. Bai tara mutanen gari ya ce na yi ɓarna, ku nemi mafaka ba. Bai hau ƙaramin jirgi ya tari Russ a hanya, hannu a ɗaure, ya ce ga ni, ku bar garin ba. Ya zauna a ɗaki yana jin zafin abin da ya yi, yana ganin wannan zafin shi ne biyan bashi, alhali waɗanda za a yanka suna kasuwa suna cinikin abincin dare. Laifin nasa ne shi kaɗai, amma da ya tashi biya sai ya zura hannu a aljihun jama'a. Ko a tuban ma bai ga akwai wanda ya isa ya yi shawara da shi ba.

Aka yi ruwan wuta a kan Prospero har duwatsu suka narke. Tizca kaɗai ta tsira daga wutar sama saboda garkuwar da masu baiwa suka riƙe a kanta, sai Kyarketai suka sauko suka bi ta titi titi. Ahriman ya je ya roƙi ubansa ya fito, uban ya ƙi, sai Ahriman ya ja ragowar 'yan'uwansa suka tsaya. Ɗakunan karatun da aka cika da littattafan duniyoyi ɗari suka kama da wuta. Da 'Ya'ya Dubu suka buɗe baiwarsu gaba ɗaya don kare gida, hadiman nan masu haske suka nuna ainihin fuskarsu, suka juya kan iyayen gidansu, cutar rikiɗa kuma ta dawo a tsakiyar fama. Sai da kusan komai ya ƙare, kukan 'ya'yansa ya ishe shi, sannan Magnus ya sauko. Ya yi faɗa irin wanda ba a taɓa gani ba, sama ta tsage, ƙasa ta girgiza. Russ ya ɗaga shi ya karya masa baya a kan gwiwarsa. A nan kwance ya furta kalmomin da aka daɗe ana jira ya furta, ya ba da kansa ga Tzeentch, aka kwashe shi da sauran mutanensa zuwa wata duniya a cikin tekun. Da aka ƙirga waɗanda suka tsira, dubu ɗaya ne da 'yan kai, kusan adadin da ya je roƙo a kansu tun farko. Bai tsaya kan ƙin yaƙi ba balle a ce ya cika alkawari, bai kuma fito da wuri ba balle a ce ya ceci gari.

Saura almajiri. Ahriman yana da ɗan'uwa tagwai, Ohrmuzd, wanda cutar rikiɗa ta kashe tun da daɗewa, don haka duk lokacin da ya ga wani ya fara narkewa, fuskar ɗan'uwansa yake gani. A sabon mazauninsu cutar ta yi ta ɗaukar mutane ɗaya bayan ɗaya, Magnus kuwa yana can saman hasumiyarsa yana tunanin zaluncin da aka yi masa. Ahriman ya tara wasu manyan almajirai a ɓoye, ya buɗe littafin da Magnus ya rubuta da hannunsa, ya haɗa wani babban aiki da ake kira Rubric. Bai gaya wa ubansa ba, don ya san zai hana. Bai tambayi waɗanda za a yi wa maganin ba, don ya san ya fi su sani. Niyyarsa alheri ce, lokaci kuma ba ya jira. Aikin ya ci: cuta ta tsaya cak. Masu baiwa mai ƙarfi suka ƙara ƙarfi. Sauran kuwa, mafi yawan rundunar, jikinsu ya zama ƙura a cikin sulkensu, sulken ya liƙe, ɗan abin da ya rage na ruhinsu ya maƙale a ciki. Suna tafiya, suna harbi in an ce su yi harbi, amma babu kowa a gida.

Magnus ya fusata har ya ɗaga hannu zai kashe shi, daga baya ya kore shi. A kan me? Yaron bai ƙirƙiro ko mataki ɗaya ba. Ɓoye wa na gaba, raina na baya, karɓar ƙarfi daga inda ba a san mai shi ba, da amincewa cewa kyakkyawar niyya tana wanke kowace hanya, duk a gaban malaminsa ya ga ana yi. Almajiri ba ya haddace abin da malam ke faɗa a darasi kamar yadda yake haddace abin da malam ke yi in an taɓa girmansa. Har yanzu a labarin Ahriman na yawo cikin taurari yana neman wani ɓoyayyen ɗakin karatu na Eldar, yana ƙone garuruwa a hanya, da tabbacin cewa saura littafi ɗaya ya gyara komai.

Shekara dubu goma sun wuce a duniyar wasan. Horus ya mutu, amma sai da ya yi wa Sarki raunin da bai tashi ba, kuma gawar da ba ta gama mutuwa ba tana nan a kan Karagar Zinariya, ramin da Magnus ya fasa yana ƙarƙashinta. Don karagar ta ci gaba da aiki, baƙaƙen jirage na zagaya duniyoyi suna kwaso masu baiwa, ana ƙona rayukan dubu ɗaya daga cikinsu kowace rana. Waɗannan su ne mutanen da ya tsaya a Nikaea yana cewa domin su yake magana. Shi kuwa yana nan da ransa, ya ƙara girma, ya yi fukafukai da ƙahoni, ya kai wa Fenris harin ramuwa ba sau ɗaya ba, kuma in ya buɗe baki maganarsa ita ce an ci amanarsa.

An ci amanar tasa, ban musa ba. Uban ya yi rowar bayani, Russ ya yi gaggawa, Horus ya yi makirci, bokan Kyarketai ya yi munafunci. Masu cewa bai yi laifin komai ba duk waɗannan suke lissafawa, kuma kowanne daidai ne. Abin da ban taɓa ji sun lissafa ba shi ne bayin da aka kashe don saƙo ya tashi, da Uthizzar, da mutanen Tizca da aka rufe wa ido har wuta ta sauko. A wurina ya yi laifi, kuma gaskiyar labarin da ya ɗauko ba ta rage masa ko ƙwaya ɗaya ba.

Wanda ya san gidan da ya kamata wannan labari ya shiga, ya taimaka ya kai shi, ya yi sallama a ƙofa, ya ce labarin wasan Turawa ne kawai.